Injin da Deok-chil Ya Ɗaura wa Jirgin Pan-su

A tsibirinmu na kudancin Koriya, babu wanda ya san iska kamar Bang Deok-chil. Gajere ne mai gwame, ba ya son yawan magana. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa ƙaramin jirgin Yeom Pan-su, irin mai ƙyalle wanda iska ke turawa. Pan-su ne mai jirgi, shi kuma matuƙi, su kai busasshen kifi da ciyawar teku kasuwar Yeosu, su dawo da gishiri da kananzir. Tare suka tashi, yana kiran Pan-su Yaya, duk da wata biyar kacal Pan-su ya ba shi.

A bazarar 1974 Pan-su ya dawo daga birnin Busan da inji na hannu, irin wanda ake rataya wa jirgi a baya.

"Ƙane, gwiwoyinka sun gaji da jiran iska. Ɗaura mana wannan, mu huta a tsufanmu."

"Wannan abu mai warin fetur? Gindin jirgin nan ba zai ɗauke shi ba, katakon ya ci ruwa."

"Shi ya sa na kawo maka. Wa zan ba, waɗancan masu hannun tuwon?"

Deok-chil ya ji daɗin maganar, ko da yake bai nuna ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi a bakin gaɓa. Ya cire ruɓaɓɓen katako, ya sa sabo daga itacen da ya ajiye don gyaran ƙofar gidansa. Ya sassaƙa mazaunin injin a gefe kaɗan, don kada ya tokari itacen tuƙi. Sau uku yana kwancewa yana saukar da shi, saboda farfelar tana fita daga ruwa in jirgi ya hau igiyar ruwa. Matarsa Sun-rye takan kawo masa shinkafa da kimchi, wato jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, tana tsiya.

"Baban Yeong-ja, ko ni ba ka taɓa shafa ni yadda kake shafa ƙarfen nan ba."

Ranar gwaji suka zaga tsibirin cikin minti arba'in. Pan-su ya sayi giyar shinkafa, kowa ya sha.

Bayan kwana biyu, da safe Deok-chil ya sauko da ƙunshin abincinsa, sai ya tarar an riga an yi lodi. An cire ƙyallen da sandarsa an jingine a gaɓa. A wurin zaman Deok-chil kuwa surukin Pan-su ne zaune, wani direban babbar mota da bai san sunan dutse ko ɗaya a mashigin ba.

"Yaya, mene ne haka?"

Pan-su ya ƙura wa igiyar da ke hannunsa ido. "Ka san mijin 'yata ba shi da aiki. Inji kuma ba ya neman wanda ya san iska."

"Tun yaushe ka yanke wannan?"

"Tun kaka."

"Kafin ka sayo injin ke nan."

Surukin ya ja igiyar injin, ya tashi a ja na biyu.

Deok-chil ya koma gida ya zauna a tsakar gida har rana ta take, ƙunshin na kan cinyarsa. Daga baya ya gaya wa mahaifina cewa ba korar ce ta fi ci masa rai ba, kwana goma sha ɗayan nan ne da Pan-su ke zuwa ya tsuguna kusa da shi yana miƙa masa kusa yana dariya.

Mazaunin da ya sassaƙa bai taɓa motsi ba, don haka masu jirage suka riƙa kawo masa nasu. Ya ɗaura wa goma sha huɗu. Kafin ya taɓa kowanne sai ya tambaya, "Wa za a sauke daga jirgin nan?" Biyu sun faɗa masa gaskiya, ya ce su ɗauke injinsu.

Da Pan-su ya kwanta ciwon ajali a 1988, ya aiko matarsa ta kira shi. Deok-chil na fiƙe wani katako, bai ɗago ba.

"Ki ce masa ina aiki."