Ƙafar Babana da Labarin Mutanen Ƙanƙara

Lokacin sanyi a Lyon, da an idar da sallar magariba mukan taru gaban na'urar ɗumama ɗaki a gidanmu na unguwar Guillotière, kakarmu Inna Ramma tana tsakiya cikin bargo. Daga Damagaram ta zo neman magani, ta zauna da mu.

Wata rana aka nuna wani shiri a talabijin kan Turawan da suka fara zuwa ƙarshen duniya, inda ƙanƙara ba ta narkewa. Ni na fassara mata. Ba a daɗe ba ta mayar mana da shi tatsuniya. Ta ce mutanen sun yi watanni ba ganye ba lemo, dasashinsu ya kumbura, haƙora suka yi girgiɗi, tsofaffin raunuka suka sake buɗewa. Hasken ƙanƙara ya kashe wa wasu ido. Da guzuri ya ƙare suka yanka karnukan da ke ja musu kaya. Amma inda ta fi tsayawa shi ne kan wani mutum da babu shi a shirin, ita ta ƙirƙiro shi: yatsun ƙafarsa sun yi baƙi, ya ƙi cire takalmi don kada a bar shi a baya.

"Shi a ganinsa jarumta ce," in ji ta, tana ɗaga murya. "Ƙafa kuwa tana can tana ruɓewa."

Babana na zaune a gefe yana shan shayi. A ɗakin sanyi na wata ma'ajiyar nama yake aiki, ga ciwon suga. Ya fara ɗingishi, yana ɓoyewa don tsoron a sallame shi. Shi ne ɗan Inna na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Kullum sai ta sake wannan labarin. Da ƙanwata ta tambaya ko mutumin ya warke, sai ta ce, "Ina zan sani, uwata? Bai cire takalmin ba tukuna."

Sai da Baba ya faɗi a tashar tram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, aka kai shi asibiti. An yanke masa yatsun ƙafa biyu, likita ya ce da an zo da wuri da ba a kai ga haka ba.

Na girma ina yaba dabarar Inna, yadda ta yi gargaɗi ba tare da ta keta kunya ba. Bara, da Baba ya ziyarce ni a Paris, na tuna masa. Sai ya ce tun ranar farko ya gane da shi ake, jira yake ta dube shi sau ɗaya ta ce ya tafi asibiti.