Yaya Kodu da Takardar da Ta Ƙi Dangwalawa

Ranar Talata, 14 ga Janairu, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran Yaya Kodu Ndong, shugabar ƙungiyarmu ta mata masu bandar kifi, bayan doguwar jinyar ƙirji. Shekara arba'in ta yi tana shaƙar hayaƙi a bakin tekun nan. Daga gare Shi muka zo, kuma can za mu tarar da ke, Yaya.

Ni ce Rokaya, mataimakiyarki. Kin tafi kin bar mini shugabanci, kin kuma bar mini takardar nan ta sallama filin bandarmu ga kamfani, wadda kika shekara huɗu kina ƙin dangwala mata yatsa. Tana cikin akwatina, kuma an ba ni zuwa ranar Alhamis.

Ke kika koya mini sana'a. Na zo garin nan amarya daga ƙasar manoman gyaɗa, ko teku ban taɓa gani ba, kika matsa mini a gefen murhunki. Ranar da na ƙone kwandona na farko kika leƙa kika ce, "Ƙanwata, ashe gawayi kika zo sayarwa? Ai da kin faɗa mun sauya miki layi." Aka yi ta yi mini dariya. Da aka watse kika cika mini kwandon da kifinki, don kada uwar mijina ta ji labari. Ba ki taɓa tayar da zancen ba, ko a ranakun da muka yi faɗa, kuma mun sha yi.

Sai baƙi suka kafa injin niƙa kifi a ƙarshen gaɓa. Yaboy, kifin talaka, wanda da shi kowace tukunyar shinkafa ke tashi, suka riƙa saye shi tun yana cikin kwale-kwale, su mayar da shi gari, a loda wa jirgi a kai wa dabbobin ƙasashen da ba mu sani ba. Murhu saba'in muke da shi a da. Yau goma sha ɗaya ke hayaƙi.

Ba ki san boko ba, amma ke kika haɗa kan matan garuruwa tara. Kika ja mu har Dakar ɗauke da kwanonin da babu komai a ciki, muna bugawa. Ƙungiyoyin ƙetare suka ji labarinki, suka kai ki Turai ki yi jawabi. Da kika dawo muka kewaye ki, muna jiran albishir.

Kika ce, "Sun tafa mini, har da masu hawaye. Sai aka kawo abinci, wani jan kifi mai ƙiba. Na ce me yake ci ya yi wannan kitse? Aka ce garin kifi. Rokaya, sai da na hau jirgin sama kafin in ci yaboy ɗinmu, shi ma a cikin wani kifin."

Mun yi dariya, amma ke ba ki yi ba.

Kamfanin mai injin na son faɗaɗawa, filin kuwa da sunan ƙungiya yake, sai shugaba ta dangwala. Suka yi alkawarin ɗaukar ɗa guda aiki daga kowane gida. Kika ce a'a. Ɗanki Ngor ya gaji da komawa gida da raga babu kifi, ya shiga kwale-kwalen masu zuwa ci-rani ƙasar Sifen. Shekara uku ke nan babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Na ɗauka wannan zai karya ki. Suka dawo da takardarsu, kika sake cewa a'a, kika shiga ɗaki kika yi kukanki. Ban taɓa ganin zuciya irin taki ba, kuma wani lokaci tana ba ni tsoro.

Ranar sadakar uku, ɗana Biram, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya same ni ina wanke tukwane. Ya tsuguna ya ce, "Inna, ba gardama na zo yi ba. In kin dangwala, ina nan. In kin ƙi, akwai kwale-kwale ƙarshen wata, na riga na yi magana da mai shi."

Na san aikin da za su ba shi ba mai ɗorewa ba ne. Na san ranar da kifi ya ƙare za su kwance injinsu su yi gaba, su bar mana wari. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, Yaya. Amma na ga yadda kike juyawa duk sa'ad da wani saurayi ya yi sallama da murya irin ta Ngor, kuma ni ba zan iya jure irin wannan ba. Ranar Alhamis zan dangwala. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san da kina raye ba zan iya ɗaga yatsan ba, sai da na jira aka binne ki. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya ƙirjin nan da hayaƙi ya cinye. Ina yi wa mijinki Baba Latir ta'aziyya, da 'ya'yanki Tening da Jibor, da matar Ngor wadda har yau ba a ce mata ta yi takaba ba. Allah Ya ba su haƙuri. Mu kuma da muka rage a bakin murhu, Allah Ya dube mu, kada Ya kama mu da abin da ya fi ƙarfinmu. Amin.