Hanta da Jini

Wasiƙar farko da na rubuta wa maigidana, tun yana zuwa zance ƙofar gidanmu a Zongon Kwatano, na cika ta da kalmomin da na tsinta a littattafan soyayya da 'yan kasuwa ke kawowa daga Kano. A ƙasa na rubuta cewa ni da shi hanta da jini ne. Direban babbar mota ne, Kwatano zuwa Yamai. Ya ce rabin wasiƙar bai gane ba, amma wannan layin ya yi masa.

Muna da jika ɗaya lokacin da likita ya ce ciwon daji ne a hantarsa, kuma ya wuce a yanke. Da Faransanci yake bayani, ƙanwata mai aikin jinya tana mayar mini da Hausa. A wani asibiti a ƙasar waje za a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har hanta, a zuba magani, sannan a toshe hanyar jini.

Na miƙe tsaye. "A raba hanta da jini? Ba da ni ba!"

"Yaya, zauna mana," in ji ƙanwata. "Ƙarin da ya tsiro za a hana wa jini, ba hantar ba. Daga baya a auna shi da haske, a ƙone daidai wurin."

Maigida ya yi dariya har da riƙe ciki. "Likita, yi haƙuri. Ita ce jinin. Ta zaci ita za ku kora."

Likita bai ɓoye mana ba: ba warkewa ba ce, ƙarin lokaci ne, in Allah ya yarda. Ni abin da na roƙa kawai, ya dawo Zongo da ƙafarsa.

Ta filin jirgin saman Kajehun muka tashi. Bayan bututun ya kwana uku yana zazzaɓi da amai. Da lokacin haske ya zo, suka ɗiga masa tawada sau uku a haƙarƙari don na'ura ta gane wurin. Ya ce, "Hajiya, kin ga masu iya wasiƙa. Ɗigo uku, an gama."

Da ƙafarsa ya dawo. Damina biyu muka ƙara tare. Da hantsi yakan zauna a ƙofar gida da kokonsa, 'yan zemijan masu haya da babur na wucewa suna ɗaga masa hannu, ni ina karanta masa littafi, yana katse ni: "Wannan saurayin ba shi da sana'a ne?"

Bayan rasuwarsa na buɗe jakar takardun asibiti. Wasiƙata na ciki, tsakanin hotunan hanta, ta yi laushi don ninki. Ashe da ita ya yi tafiyar.