Fenaritin da Ya Jira Ni Shekara Ashirin

A gidanmu na Sharafiyya, idan ɗan sanyin Jidda ya shigo, makonnin nan da mutum zai zauna a waje riga ba ta manne masa a baya ba, kakarmu takan hau saman bene da kaskon gawayinta da zarar an idar da magariba. Sitti muke ce mata, kamar yadda yaran unguwa ke kiran kakanninsu. Gyaɗa take soyawa a cikin yashi, ta sayarwa washegari. Mu jikoki shida mu kewaye wutar, kowa yana jira ta kau da ido ya saci mai zafi.

Tana da tatsuniyoyin aljannu da na namun daji, amma ba su muke hawa benen don mu ji ba. Labarin Sidi muke so, wato mijinta, kakanmu Isa, wanda ya rasu ina goye. Idan za ta fara sai ta buga ludayi a bakin kasko ta ce, "Ƙwallo na tsakiya!" Mu kuma mu kwashe da ihu, "A buga, Sitti, a buga!"

Sidi mudarrib ne, mai horar da 'yan ƙwallo. Ya daɗe yana riƙe da ɗaya daga cikin manyan kulob na garin nan, tun zamanin da ake wasa a kan ƙasa da ƙwallon fata mai ɗinki. Da kulob ɗin ya bunƙasa sai aka ɗauko wani daga ƙasar waje, da tafintansa da allonsa. Aka kira Sidi ofis, aka yi masa godiya, aka miƙa masa agogon bango. Wata uku yana zaune a ɗaki, ko rediyo ba ya kunnawa ranar wasa.

Ana nan sai 'yan dakon mina, masu sauke kaya daga jiragen ruwa, suka yi sallama a ƙofar gida. Suna da ƙungiya, suna da wani fili mai tsakuwa a bayan sitocin tasha, amma kowa cinye su yake yi. Suka roƙe shi ya riƙe su.

"Ya tafi da usur ɗinsa da girman kansa," in ji Sitti. "Ya ce su zagaya fili sau goma. Mutanen da suka wuni da buhun shinkafa a ka! Suka dube shi, suka zauna a ƙasa. Ya dawo gida yana huci. Na ce, Malam, ka taɓa ɗaukar buhu? Ya harare ni. Da asuba na nemi takalminsa na rasa."

Sati guda Sidi ya yi yana dako tare da su, yana dawowa kafaɗa a saɓule. A can ya ga abin da ya canza masa aiki. Idan kaya ƙanana ne ba wanda ke yawo da su. Layi suke yi, wannan ya cilla wa wannan, wancan ya cafe ko bai duba ba. Sai ya ce musu halas, shi ke nan, gudu ya ƙare, ƙwallo ce za ta yi gudun. Kowa ya tsaya kusa da abokin layinsa na aiki, ya taɓa sau ɗaya ya ba shi.

Idan Sitti ta zo nan sai ta jera gyaɗa goma sha ɗaya a kan faranti, ta riƙa tura su da yatsa. "Wannan ya ba wannan, wannan ya ba wancan, yalla, yalla, yalla!" Ƙanwata Zainabu ta taɓa cinye mai tsaron gida ana cikin wasa, sai da aka nemo wata gyaɗar.

Ita kuma Sitti aikinta wankin rigunan ne. Bayan kowane wasa Sidi ya zo da su a buhu, ta zube a baho. Kafin ta zuba ruwa takan ɗaga kowace ta duba. Gumin Jidda idan ya bushe yakan bar farin gishiri a jikin riga, ita kuwa tana karanta shi. Rigar Haruna, wani ɗan baya da ba ya magana, kullum fari fat daga wuya har ƙasa. Rigar Mamman, ɗan gabansu mai farin jini, ƙamshin turare kawai take yi.

"Na ce wa kakanku, wannan ɗan kwalliyar naka tsayuwa yake yi yana jira a kawo masa. In ka ga dama ka linke rigar ka mayar masa, ban ga abin wankewa ba."

Wata shekara ina da goma sha biyu, Sitti ta ce za ta ba mu babban wasan, wanda ba ta taɓa ba mu ba. Sabon mudarrib na tsohon kulob ɗin Sidi yana neman ƙananan ƙungiyoyin da zai gwada yaransa a kansu, sai aka aiko wa 'yan dako takarda. Kwana uku tana jan mu. Ranar farko shiri, da yadda Sidi ya kasa cin abinci. Rana ta biyu aka zura musu biyu kafin hutun rabin lokaci, 'yan kallo suna kiran su masu buhu, muka sauko daga bene kamar an yi mana mutuwa. Rana ta uku layi ya fara aiki. Taɓa ɗaya, taɓa ɗaya, yaran kulob suna bin iska, sai ga ƙwallo a raga! Muka tashi muna tsalle har maƙwabta suka leƙo. Biyu da ɗaya. Saura minti kaɗan aka kwashe ƙafar wani ɗan dako a gaban gida, alƙali ya busa fenariti.

"Fili ya yi tsit," in ji Sitti, ta rage murya. "Mamman ya ɗauki ƙwallo yana gyara wuyan riga. Sai kakanku ya miƙe daga benci, ya ɗaga hannu..."

A nan ne na yi abin da na yi. A lokacin na shiga ƙungiyar makaranta, an ba ni takalmi mai ƙusa, ina ganin babu wanda ya kai ni sanin ƙwallo a Sharafiyya. Ranar kuma na gayyato wani abokina ya ji labarin, sai na ga yana murmushi yana kallon gyaɗar da ke kan faranti. Kunya ta kama ni. Na buɗe baki na ce, "Sitti, ke fa ba ki taɓa shiga fili ba. Mata ba sa shiga. Duk ƙirƙira kike yi. Me mai wanki ta sani a ƙwallo?"

Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni, ta tattara gyaɗar nan ta mayar cikin kasko.

"To, maigidana ya tsayar da wasa," ta ce. Haka take kirana cikin wasan jika da kaka, amma ranar babu dariya a ciki. "Wanda ya tsayar, shi zai zo ya ce a ci gaba. Kalma ɗaya ce, ya san ta."

Zainabu ta fashe da kuka, ta rufe ni da duka. Washegari yara suka roƙi Sitti, ta ce ba su suka tsayar ba. Na lallaɓa wajen babana na tambaye shi yadda wasan ya ƙare, ya ce, "Je ka tambayi wadda ka ƙaryata." Ya kuma hana kowa a gidan ya faɗa min.

Ina so in faɗi gaskiya a nan. Sitti ba ta ƙullace ni ba. Ta ci gaba da ajiye min gyaɗa, ita ta yi min rakiya ranar da aka kai kuɗin aurena. Ni ne na ƙi zuwa in ba ta haƙuri. Da farko ina jira ta manta. Daga baya na ce ai na girma, abin kunya ne ƙato ya je ba da haƙuri a kan tatsuniya. Na bar makaranta da wuri, na kama tuƙin motar ɗaga kaya a wani sito a Madinar Masana'antu, halin kuma ya bi ni can. Na sha katse dattawan da suka fi ni sanin aiki don ba su iya karanta takardar kaya ba. Matata ma ta sha shan irin wannan a wajena. Duk Idi Zainabu sai ta ce, "Usman, har yanzu Mamman yana riƙe da ƙwallo, hannunsa ya gaji." In yi dariya in canza magana. Shekara ashirin.

Abin da ya karya ni ƙarami ne. Ina haɗa ma'aikatan sitonmu wasa ranar Juma'a da yamma. Wata rana ina nuna wa wani yaro sabon zuwa inda zai tsaya, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai wane kulob ka taɓa buga wa?" Aka yi dariya. Na gane muryar, tawa ce. A makon nan kuma Zainabu ta bugo waya ta ce Sitti ta fara rikita sunayen jikoki, likita ya ce abin gaba zai yi. Ta ce, "In ƙarshen wasan nan ya tafi da ita, wallahi ba zan yafe maka ba."

Ban ko cire kayan aiki ba na tafi Sharafiyya. Sitti ta daina hawa bene, tana ɗakin ƙasa a kan darduma. Na durƙusa, na kama hannunta. Na ce, "Sitti, ki yafe min. Ƙarya na yi miki, ke kika san ƙwallo. A ci gaba da wasa."

Ta daɗe tana kallona, har na ji tsoro ko ba ta gane ni ba. Sai ta ce, "Kai ne mai takalmin ƙusa? Kakanka ma ya taɓa faɗa min maganar nan, amma shi kwana biyu ya yi ya dawo da tsarabar hulba. Kai ina ka tsaya, ya waladi, ɗana?"

Na ce, "A hanya, Sitti."

"Na yafe tun gyaɗar ba ta huce ba. Amma ni yara nake ba labari. Kawo min 'ya'yanka gobe. Kai ka zauna a bakin ƙofa, in ka yi tari na fasa."

Washegari bayan magariba ɗakin ya cika. 'Ya'yana mata biyu, yaran Zainabu, da ita Zainabun kanta da sauran jikokin nan na da, wasu har da furfura. Aka kawo mata gawayi a ƙaramin kasko don ta ji ɗumi. Ni ina kan matakala, ƙofa a buɗe rabi. Ta rikita sunan babbar 'yata sau biyu. Amma da ta shiga fili, ko suna ɗaya ba ta ɓata ba.

"Kakanku ya ɗaga hannu ya ce, Mamman, ajiye! Haruna, zo ka buga! Fili ya ɗauki surutu. Haruna da bai taɓa cin ƙwallo ba a rayuwarsa? Amma na gaya wa kakanku tun a gida, mai farar rigar nan shi kaɗai ne ƙafarsa ba za ta yi rawa ba. Haruna ya ja da baya, ya taho, ya narka mata ƙafa. Mai tsaron gida ya yi tsalle, ya doke ta!"

Yara suka yi ƙara. Na cusa hula a baki.

"Ƙwallo ta yi gefe tana gangarawa za ta fita. Kowa ya tsaya. Sai ga wani ya taho a guje kamar an biyo shi da wuta. Wa ye? Ɗan kwalliya! Haushin an ƙwace masa ƙwallo a gaban jama'a ya sa shi gudun da bai taɓa yi ba. Ya zube ƙasa da ƙirji, ya miƙa ƙafa, ya shafe ta..."

Ban san lokacin da na banko ƙofar ba. "Ta shiga? Sitti, ta shiga?"

"Ta shiga mana! Biyu da biyu! Wa ya ce ka shigo?"

Ɗakin ya kaure. Zainabu tana guɗa, yara suna tsalle a kan katifa, ni ƙato ina rungumar kowa ina kuka. Sitti tana dariya har da tari. Ta ce 'yan dako sun ɗauki Sidi a ka tun daga fili har bakin mina, su da ɗaukar kaya ba ya ba su wuya. Ta ce a daren aka kawo mata rigar Mamman jiƙe sharkaf, gaba duk ƙasa, ta wanke ta sau biyu tana jin daɗi. Bayan wasan kulob ya aiko a ba Sidi horar da ƙananan yaransu, ya ce yana da aiki. Da 'yan dako ya zauna har gwiwoyinsa suka hana shi tsayuwa a bakin fili.

Sitti ta rasu bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, Allah ya jiƙanta. Watanninta na ƙarshe ba ta gane kowa. Idan na tuna yadda na kusa makara, jikina yakan yi sanyi.

Ina yaro na ɗauka labarin na cin ƙwallo ne. Yanzu abin da nake gani shi ne Sidi, mutumin da ya yi suna, an sauke shi, ya je ya ɗauki buhu don ya koya daga 'yan dako, ya dawo gida ya saurari mai wanki. Ni ban kai shi a komai ba, amma na fi shi taurin kai. Har yau ban warke duka ba. Wani lokaci a sito wani dattijo zai fara min bayani, in ji maganar nan ta taso min har maƙogwaro, me ka sani. Sai in kashe injin, in sauko, in ce, "Baba, ƙarasa, ina jin ka."