Wada da Bagaruwar Marai

Wada na Kamarawa ya hana a yi wa bagaruwar bakin fadamarmu feshi. Ni Labbo ba na yabon mutum, amma wannan zan faɗa.

Shekara ashirin da bakwai aikinsa ɗaya. In gero ya fara ido, da ya sallame asuba sai ya hau keke ya bi fadama har Turba, yana neman inda janbaki ke sauka, ya kai wa malaman gona labari.

Janbaki da marai dangi ne. Daga nesa ba ka raba macen marai da janbaki. Wada yana rabawa. Janbaki ƙarami ne, bakinsa ja, yana zuwa kamar hayaƙi ya share gona a wuni ɗaya, kuma ba ya ƙarewa. Marai ya fi girma. Namijin rawaya ne mai baƙin kai, yana saƙa sheƙa ya rataye a reshe. Yana taɓa gero, ban ce ba ya taɓawa ba. Amma muna yara kowace bagaruwa da nata. Yau bishiya uku masu marai kaɗai Wada ya sani tsakaninmu da garin Isa.

Bara janbaki ya cinye mini rabin gona. Masu feshi suka iso bayan ya tashi. Na ce a fesa wa bagaruwar, tsuntsu ai tsuntsu ne. Wada ya ja ni gindinta, ya nuna mini wata uwa da tsutsa a baki tana shiga sheƙa.

Ya ce, "Baba Labbo, wagga ita ka tsince maka tsutsa. Wanda ya ci geronka shina Nijar. In kana son shi, ga keke."

Aka yi dariya. Na ji kunya, ban faɗa ba sai yau.

Kai ne idon fadama, Wada. Kai ka ja da dattijo a gaban mutane, kuma kai ke da gaskiya. Yanzu idon ya raunana, ka jingine keke. Na gode, Allah ya saka. Matasa, ku je ku koya tun yana nan.

Ran kasuwa Bawa maƙwabcina ya sami Wada, ya ce ya faɗa masa inda sauran bishiya biyun suke, ya ƙone sheƙun kafin gero ya nuna.

Wada ya ce, "Ba ni nuna maka."