Rakiyar Lauyan da Aka Hana Magana

A kwalejin horon malamai da na yi kusa da garin Wad Madani, can ƙasar gabas da ke kan hanyar hajji, cikin shekarun sittin, ni kaɗai ne Bahaushe a ajinmu. Ba zan ce an wulaƙanta ni ba. Tare muke cin ful, dafaffen waken nan nasu, tare muke wanki. Sai dai in hira ta yi daɗi akan ambaci Fallata, sunan da suke kiran mu mutanen yamma, a kwashe da dariya, can wani ya tuna ina zaune, ya dafa kafaɗata ya ce ai ban da kai. Dafawar nan ta fi dariyar yi mini ciwo.

Ƙungiyarmu ta ɗalibai takan gayyato baƙo ranar Alhamis bayan la'asar, ya yi jawabi, mu yi masa tambayoyi. Wata shekara aka kawo sunan wani lauya da ke bin garuruwa yana cewa kada a ƙara ba mutanen yamma irinmu gona a Jazira, yankin noman auduga, kada a ba mu takardar zama 'yan ƙasa, wai mu baƙi ne da hanyar hajji ta yasar. Taro ya rabu biyu. Masu kishin talaka suka rantse ƙafarsa ba za ta taka makaranta ba, kuma duk wanda ya miƙe sai ya nuna ni da yatsa a matsayin hujjarsa. Ba wanda ya tambaye ni. Da aka zo ɗaga hannu, na ɗaga tare da masu son ya zo.

Ba ƙaunar mutumin nake yi ba. So nake in tsaya gaban makaranta duka in yi masa tambaya ɗaya. Kakana yana cikin waɗanda suka haƙa magudanar da ke shayar da audugar nan, kabarinsa yana bayan ƙauyenmu kusa da garin Hajj Abdalla, ni kuwa ko a mafarki ban san Sakkwato da aka ce can ne asalinmu ba. To ina yake so in koma? Sati uku na yi ina juya tambayar da Larabci, ina faɗa wa itatuwan bakin kogi. Da na leƙa gida na ba mahaifina labari, bai ko ɗago daga igiyar da yake tufka ba.

"Bari shi hwaɗi nashi, in ya ƙare ka hwaɗi naka," in ji shi. "Amma baƙo na. Kak ka bari shi tahi babu rakiya."

Ranar ta zo. Lauyan bai gama sallama ba aka fara buga tebura. Wani ya zare wayar lasifika. Abokin ɗakina ya haye benci yana ihu cewa ba za su bari a zagi ɗan'uwansu ba, ɗan'uwan kuwa yana zaune a layi na biyu da tambayarsa a baki. Shugaban makaranta ya watsa taron. Na yi fushin da ban taɓa yi ba, na kuma rasa wanda zan sauke wa, tunda duk domina aka yi.

Fili ya watse, ya bar mutumin shi kaɗai yana tsintar takardunsa. Ashe gajeren dattijo ne, rigarsa ta jiƙe da gumi. Na ɗauki jakarsa muka nufi bakin hanya, 'yan ajinmu suna kallona ta tagogi. Abin da suka gani ya ishe su, don har ƙarshen zangon ni kaɗai na riƙa cin abincina.

A hanya shi ya yi ta magana, yana kukan an daina sauraron juna a ƙasar nan. Ina ta jiran ya numfasa in sako tambayata. Da muka iso inda ake tare mota, sai ya dube ni da kyau, ya ce tarbiyya ba ta ɓuya, daga gani ni ɗan asalin ƙasa ne, domin irina yake wannan faɗan.

"Ɗana, kai ɗan ina ne?"

Babu mai buga tebur, babu mai hana ni. Daga ni sai shi sai gonakin auduga, kuma ga shi yana saurarona.

"Wad Madani," na ce, ban ambaci ƙauyenmu ba.

Ya sa mini albarka, ya karɓi jakarsa, ya hau mota.