Kurkunun da Na Tsinke

A shekarar da aka sami mulkin kai aka turo ni Tambuwal daga Sakkwato. Na gama makarantar likita, amma ba a sakar mini hannu ba tukuna. Babban likita yakan zo duk mako biyu ya duba aikina, ya ga ko na fara hankali. An ce wata shida zan yi, sai da na ga damina biyu.

Asibitin ɗaki uku ne da rumfa. Wanda na tarar a ciki wani tsoho ne mai wankin miki, kowa Baba yake ce masa. Bai iya karanta sunan da ke jikin kwalba ba, da launi da wari yake gane magani. Ni kuwa na zo da farar riga, abin sauraren ƙirji ba ya barin wuyana ko kasuwa za ni, ina ji kamar ni na ƙago allura.

Da safe mu ga masu zazzaɓi da gyambo da ciwon ido. Da ruwa ya sauka kuwa, sai kurkunu ya cika mana rumfa. Tsutsa ce fara, siririya, doguwa, a ruwan tafki ake shan ta, ta shekara a jikin mutum, sannan ta hudo ƙafa daidai lokacin da ake bukatar ƙafar a gona. Maganinta ɗaya ne: a tsoma ƙafar a ruwan sanyi, ta leƙo, a naɗe kanta a tsinke. Kullum a ƙara naɗi kaɗan. In ta tirje, a ɗaure a bar ta sai gobe. Baba yakan yi mako uku a kan ƙwaya ɗaya, yana yi yana hirar shanu da mai ƙafar. Abin yana ba ni haushi. Shekarun da na yi ina karatu, ashe kaɗin zare na zo koya wurin tsoho?

Wata Litinin aka kawo wani magidanci a kan jaki daga wani ƙauye kusa da Kebbe, kurkunu ya fito masa a idon sawu. Geronsa ya tsiro, noman fari ya zo, kuma shi kaɗai ne mai hauya a gidansa. Baba ya fara naɗi. Kwana shida ana yi, mutumin ba ya maganar komai sai ciyawa.

A rana ta bakwai Baba ya tafi gaisuwar mutuwa Jabo. Kafin ya fita ya ce mini, “Likita, in kaj ji ta tirje, ka ƙyale ta. Ba a gardama da ita.”

Na zauna na kama tsinken. Mutumin ya ce, “Malam likita, don Allah ka taimake ni. Haki na cin gonata, ni ina nan zaune.” Na ji tausayinsa, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar: washegari babban likita zai zo, ina so ya tarar na yi a wuni ɗaya abin da tsoho ke yi a mako uku. Na naɗa, ta biyo. Na ƙara, ta biyo. Sai ta tirje. Na ji ta sarai a yatsuna, na kuma ja.

Ta tsinke, ragowar ta koma ciki.

Kwana biyu ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi. Babban likita ya wanke ni tas, ya rubuta abin da zai rubuta. Wannan bai dame ni kamar shirun Baba ba. Da ya ce mini sauri ya haifi nawa, da na sami sauƙi. Bai ce ba. Ya ɗauko kwanon wankin mikinsa ya ajiye a gabana, ya ce, “Safe da marece, kai ka wankin shi.”

Fiye da wata guda ina durƙusawa gaban ƙafar nan, ina matse ruwan miki, ina yi masa allura. A nan na koyi wankin miki, a nan kuma na koyi gaishe da mara lafiya in tambayi iyalinsa kafin in taɓa shi. Danginsa sun yi masa gayya sau ɗaya, maimai kuwa, wato noma na biyu, ba a samu yi ba, don kowa da tasa gonar. Ya koma gida yana ɗingishi. Na ji labari abin da ya girbe bai kai su bazara ba.

Da damina ta zagayo, wata safiya na hango jakin nan a bakin rumfa. Shi ne, kurkunu ya fito masa a ɗaya ƙafar. Kunya ta kama ni, na shige ɗakin magani ina jera kwalaben da ke jere. Ina jin Baba ya jawo kwano ya fere tsinke. Sai na ji mutumin ya ce, “A’a Baba, ina yaron nan naka? Shi nika so.”

Baba ya ce, “Ka mance shi yat tsinke maka waccan?”

Ya ce, “Ina hwa zan mance, ga ni ina ɗingishi? Ai don haka nika son shi. Ya ga abin da ta ka yi in ta tsinke. Wanga hannu ba ya ƙara ja.”

Na fito idona cike da ƙwalla, ban ma ɓoye ba. Baba ya miƙo mini tsinken, ya koma gefe ya zauna. Kwana ashirin da uku na yi ina naɗi, har ta fito duka, wutsiya da kai. Ya sami maimai a gonarsa.

Na yi aiki a manyan asibitoci bayan haka, na koyar da likitoci da dama. Malamai da yawa sun ba ni ilimi, Allah Ya saka musu. Amma mutum biyun nan ba na ɗaga hannu in yi addu’a ban sa su ba: wanda ya ba ni kwano, da wanda na lalata wa ƙafa ɗaya ya dawo ya miƙo mini ta biyun.